Waƙa a Bakin Shago, Magana a Kunne

  Abin da ke tafe hirar da muka yi ce a shirinmu na daren Talata. Na tsara ta a rubuce saboda waɗanda tashar ba ta kama musu sosai ba a inda suke, da kuma waɗanda suka bugo suka ce na yi sauri wajen faɗin inda ake dannawa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi, Allah ya ba da lada.

Asalin maganar, wani matashi ne ya kira mu. Yana da shagon cajin waya da tura waƙoƙi a memori a wata kasuwar bakin iyaka, ya roƙi kada in faɗi sunan garin. Kun san irin shagon: kwamfuta a kan tebur, wayoyi jere a katako suna shan caji, ga ƙatuwar sifika a ƙofa tana jawo jama'a. Ranar kasuwa wani dattijo dillalin shanu ya zo masa da waya. An turo masa saƙon murya, wanda mutanen Najeriya ke ce wa boyis, namu na nan su ce bokal, amma sifikar wayar ta mutu. Ya ce, "Yaro, taimaka ka sa mini in ji." Yaro ya kwafe saƙon ya kai kwamfuta, ya danna. Sai ga muryar mai bijimi daga ruga ta fito ta babbar sifika, tana cewa in an kai jika 300 a sallama kawai, yana neman kuɗin asibiti kafin Juma'a. Dattijon nan tun safe yake riƙe da ciniki a kan jika 350. Mai tayawar kuwa yana zaune wurin mai shayi, taku biyar daga shagon. Ba sai na faɗa muku a nawa aka sayar da bijimin ba.

Tambayar matashin ita ce: shin akwai hanyar da waƙa za ta riƙa fita ta sifikar waje, sauran abubuwan da yake saurara kuma su tsaya a kunnensa, alhali kwamfuta ɗaya ce? Amsa: akwai. Ba ta da wuya, ba ta kuma da tsada. Wanda ba shi da kwamfuta kada ya aje takardar, domin matsalar nan tana cikin aljihun duk mai haɗa waya da 'yar sifikar nan da ake ce wa MP. Zan zo kan wannan.

Ni ma na taɓa sha

Kada ku ɗauka daga sama nake magana. Lokacin da nake koyon aiki, mako na farko da aka bar ni ni kaɗai a ɗakin watsa shiri, na sa talla tana tafiya daga kwamfuta. Na ga akwai 'yan daƙiƙu, sai na buɗe WhatsApp a kan kwamfutar nan na danna saƙon gwaggona. Jama'a, duk wanda ya kunna rediyo a wannan safiya ya ji tana tambaya ko garin kunun da ta aiko ya iso, kuma wai sai yaushe zan yi aure. Nawa da sauƙi, dariya aka yi mini. Amma a ranar injiniyanmu ya zaunar da ni ya ce kowane gidan rediyo hanya biyu gare shi: wadda ke fita iska, da wadda ke zuwa kunnen mai gabatarwa. Ba a buɗe wa abu hanyar iska sai an saurare shi a kunne. Darasin da zan ba ku yau ke nan, sai dai a shago da ruga.

Ta ina sauti yake bi?

Kwamfuta ba ta san asiri ba. A wurinta waƙa da wa'azi da muryar mai binka bashi duk sauti ne. Kowace manhaja, wato kowane shiri da ke aiki a cikinta, tana fitar da nata sautin kamar yadda kowane gida ke koro garkensa da safe. Duk sai su haɗu wuri ɗaya, a gauraya su, a kora su ta ƙofa ɗaya. Wannan ƙofa ita zan riƙa kira babbar ƙofa a takardar nan. A fuskar kwamfuta kalmar "Default" ake rubuta mata. Dokarta ɗaya ce: duk manhajar da ba a nuna wa tata hanya ba, babbar ƙofa za ta bi.

To ka ga abin da ya faru a shagon can. Babbar ƙofarsa ita ce sifikar waje, shi ya sa duk abin da ya danna, kasuwa ce ta fara ji.

Makiyayi ya fi kowa sanin maganin wannan. Ba don an raina shanu aka fitar da burtali ba, sai don kowa ya san ta inda zai bi, kada garke ya faɗa gonar mutane. Abin da za mu yi ke nan: mu yanka wa waƙa burtalinta ita kaɗai.

Sai da ƙofa biyu

Kafin a taɓa wani saiti, dole kwamfutar ta ga mafita biyu daban. A nan mutane da yawa ke yin asarar kuɗi. Akwai wata 'yar igiya mai kai ɗaya da baki biyu da ake sayarwa, a soka ta a ramin iyafis, a sa sifika a baki ɗaya, iyafis a ɗayan. Wannan ba ta raba komai. Kamar rijiya ɗaya ce aka sa wa kwami biyu, ruwan da ke wannan shi ne a wancan. Abin da ka ji a kunne, shi kasuwa za ta ji.

Haka kuma a yawancin kwamfutocin hannu, sifikar jikinsu da ramin iyafis abu ɗaya ne: ka soka iyafis, sifikar ta yi shiru. Kada ka lissafa su a matsayin ƙofa biyu.

Ƙofa ta biyu ta gaskiya tana samuwa ta hanya uku. Ta farko, ɗan katin sauti na USB. Girmansa kamar filas, wanda wasu ke ce wa kile, yana da ramuka biyu, ɗaya na sifika ɗaya na makirfo. Masu sayar da kayan waya da kwamfuta a manyan kasuwanni suna da shi, kuma da ka soka shi kwamfuta take gane shi. Ta biyu, sifika mai Bluetooth. Ta uku, talabijin da aka haɗa da igiyar HDMI, domin wannan igiya tana ɗaukar hoto da sauti tare. Masu gidan kallon ƙwallo, wannan taku ce.

Ga mai shago, shawarata katin USB. Ba ya buƙatar caji, ba ya yankewa in mutane sun yi yawa, kuma wayar wani ba za ta iya kama shi ba.

Doka ɗaya da za ka riƙe

In ka manta da komai a takardar nan, kada ka manta da wannan: babbar ƙofa ta zama kunnenka. Sifikar waje kuma manhaja ɗaya tak za ka ba izinin shiga, wato wadda ke kunna waƙa ko karatu.

Yawancin mutane akasin haka suke yi. Sai su bar sifikar waje a matsayin babbar ƙofa, su ce za su riƙa janye abubuwan asiri ɗaya bayan ɗaya zuwa kunne. Wannan kamar ka bar garke a sake ne ka ce za ka bi kowace gona ka yi mata shinge. Ranar da ka manta da gona ɗaya, ranar za a kira ka gaban mai gari. In kuwa kunne ne babbar ƙofa, ko ka yi mantuwa, iyakar abin da zai faru shi ne waƙa ta zo kunnenka maimakon ta fita waje. Wannan ba asara ba ce.

Saboda haka, iyafis, ko ekutar kamar yadda muke faɗa a nan, ya shiga ramin jikin kwamfutar. Babbar sifika ta shiga katin USB. Dalili kuwa, in wani yaro ya fizge iyafis ɗin, galibi sautin 'yar sifikar jikin kwamfutar zai koma, ba ta ƙofar shago ba.

Inda ake dannawa

Kamfanin Microsoft ya sa wannan dama a cikin Windows 10 tun sabuntawar watan Afrilu na 2018, kuma tana nan a Windows 11. Ba sai ka sayi wata manhaja ba.

Da farko ka haɗa komai: iyafis a raminsa, sifika a katinta. Sannan ka kunna waƙa, ka bar ta tana tafiya, amma ka rage ƙara. Wannan mataki yana da muhimmanci, domin manhajar da ba a buɗe take ba, ba za ka gan ta a jerin ba.

Duba ƙasan fuskar kwamfuta ta hannun dama, kusa da agogo, akwai ɗan hoton lasifika. Ɗora kibiyar linzami a kai, ka danna maɓallin dama, ba na hagu da aka saba ba.

In Windows 11 ce, zaɓi inda aka rubuta "Open volume mixer". Wanda tasa ke da Faransanci zai ga "mélangeur de volume". A saman shafin akwai wurin zaɓen mafitar kwamfutar gaba ɗaya, ita ce babbar ƙofa, ka zaɓi iyafis. A ƙasa za ka ga jerin manhajojin da ke buɗe, kowace da hotonta. Danna ta waƙar, za ta buɗe, ka canja mafitarta zuwa katin USB. Yawanci sunansa yana ɗauke da haruffan USB ɗin, ba zai ɓace maka ba.

In Windows 10 ce, zaɓi "Open Sound settings". A sama ka zaɓi iyafis a matsayin babbar ƙofa. Sai ka gangara ƙasa zuwa "App volume and device preferences". A gaban kowace manhaja akwai akwati biyu. Na sama shi ne na fitar sauti, na ƙasa na makirfo ne. Na saman za ka canja.

In ka canja waƙar ba ta koma waje ba, rufe manhajar ka sake buɗe ta. Wasu sai an yi musu haka suke bin sabuwar hanya.

Na san akwai shaguna da dama da har yanzu tsohuwar Windows 7 suke aiki da ita. Ita ba ta da wannan shafi, amma akwai mafita. Manhajar VLC, mai hoton ɗan mazubi ruwan lemo da fari, kyauta ce, kuma tana da nata wurin zaɓe. A layin sama ka danna "Audio", sai "Audio Device", ka zaɓi katin USB. Babbar ƙofa kuma ka bar ta a kunne. Duk safiya in ka buɗe, ka sake leƙawa ka tabbatar tana nan yadda ka bar ta.

Ramukan da ke kan hanya

Yawwa. An yanka burtali, amma akwai ramuka huɗu da nake so ka san inda suke.

Na farko, kuma shi ya fi kama mutane: manhajar da ka ba hanyar waje, duk abin da aka buɗe da ita waje zai fita. A kwamfutoci da yawa VLC ce ke buɗe duk wani sauti da aka danna sau biyu. Ka ga in ka kwafo saƙon wani ka danna shi haka, ka koma gidan jiya. Don haka ka ware: VLC ta waƙar waje ce kaɗai. Abin da za ka saurara kai kaɗai, ka danna masa maɓallin dama ka buɗe shi da wata manhajar daban, kamar Media Player da ke zuwa tare da Windows.

Na biyu, burauza, wato manhajar shiga intanet. Ko shafi goma ka buɗe a Chrome, kwamfuta manhaja ɗaya take ganinsu. In kana kunna karatu daga YouTube a shafi ɗaya, WhatsApp kuma a shafin kusa, hanya ɗaya za su bi. Maganin shi ne burauza biyu: misali Firefox ta waje, Chrome ta kunne.

Na uku, Windows tana da ɗabi'ar maraba da baƙo. In ka soka sabuwar na'urar sauti ko ka haɗa sifikar Bluetooth, sau da yawa sai ta mai da ita babbar ƙofa ba tare da ta tambaye ka ba. Duk lokacin da ka cire wani abu ka mayar, ko aka ɗauke wuta ta dawo, leƙa ka ga wace ce babbar ƙofa kafin ka danna komai.

Na huɗu ƙarami ne, amma yana rikita mutane. In kira ya shigo ta kwamfuta, Windows takan rage ƙarar sauran sauti da kashi 80 cikin 100 don ka ji mai magana. Sai mai shago ya ɗauka sifikarsa ce ta lalace. Lafiyarta lau, ana gama kiran za ta dawo. Wanda abin ya dama, akwai wurin kashe shi a cikin saitin sauti, a shafin "Communications".

To, mai waya fa?

Yanzu na zo kanku, Baba Arɗo da mutanenka, da Hajiya mai kai kaya tsakanin Jibiya da Maraɗi, da Alhaji mai bin Illela da Birnin Ƙonni, da masu cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Mafi yawanku ba kwamfuta kuke riƙewa ba, waya ce da MP. Kuma kusan duk harkarku da saƙon murya kuke yin ta: farashin buhu, canjin naira da sefa na yau, wa zai taho da kuɗi, ta wace hanya, garke ya sauka a ina, yaushe za a tashi. Waɗannan ba maganganun da za a sa a lasifika ba ne. A zamanin nan da ɓarayin shanu da masu tare hanya ke da 'yan rahoto a cikin kasuwa, saƙo ɗaya da ya fita a inda bai kamata ba yana iya jawo abin da ya fi faɗuwar ciniki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma ita waya ba ta da ciki.

Dokar ɗaya ce da ta kwamfuta. Da zarar waya ta kama MP ta Bluetooth, MP ɗin ta zama babbar ƙofa. Waƙa, bidiyo, saƙon murya, duk can za su bi.

Wayoyin Samsung da yawa suna da maganin wannan a jikinsu, tun daga Galaxy S8 ta 2017. Shiga saiti, mai hoton ƙarfe mai haƙora, ka nemi "Sounds and vibration", a ciki akwai "Separate app sound". Ka kunna shi, ka zaɓi manhajar waƙa, ka ce ta bi Bluetooth. Sannan ka jawo labulen saman waya ka mai da babbar mafita kan wayar kanta. Shi ke nan, waƙa tana MP, saƙonka yana hannunka. Ba kowace Samsung ke da shi ba, musamman ƙananan, sai ka duba taka.

Amma mu faɗi gaskiya, wayoyin da suka fi yawa a hannunmu Tecno ne da Itel da Infinix. In ka duba taka ba ka ga irin wannan wuri ba, ga abin da za ka iya yi.

Shiga saitin Bluetooth, ka danna alamar da ke gaban sunan MP ɗinka. In MP ɗin mai amsa kira ce, za ka ga makunni biyu: ɗaya na kira, ɗaya na waƙa da bidiyo. Kashe na kiran. Daga nan in an kira ka, maganar a wayarka za ta tsaya. Sai dai ka lura da kyau, saƙon murya na WhatsApp ba a lissafa shi cikin kira, tare da waƙa yake tafiya. Wannan makunni bai tsare shi ba.

Wasu za su ce, ai in ka kara waya a kunne, WhatsApp da kansa yake mai da saƙon ta 'yar sifikar kunne. Gaskiya ne, akwai wani ɗan ido a saman waya da ke gane an kara ta a fuska. Amma wannan dabara ta lokacin da wayar ba ta haɗe da komai ce. In tana haɗe da MP, kada ka dogara da ita. Ƙari a kan haka, in mutum ya turo saƙonni a jere, ka danna na farko, WhatsApp zai ci gaba da kunna na biyu da na uku da kansa. Na farko gaisuwa ce, "ina kwana, ya dabbobi." Na biyu ne ke ɗauke da maganar kuɗi. Kafin ka lalubo inda ake tsayarwa, an gama ji. Saboda haka, kafin ka buɗe kowane saƙo, kashe Bluetooth tukuna. Jawo labulen sama, danna alamar, ka ga ta dushe, sannan ka saurara.

Hanya mafi sauƙi, mafi araha

Akwai wadda ta fi duk waɗannan, kuma ita nake ba makiyaya shawara a kai. Juya MP ɗinka ka duba bayanta ko gefenta. Yawancinsu suna da ramin memori, da ramin filas, wasu har da rediyon FM. Ka sayi memori ɗaya, ka kai wa mai shago ya zuba maka karatu da wa'azi da waƙoƙin da kake so, ka soka shi a jikin MP ɗin. Ita ta yi ta kiɗanta, wayarka tana aljihu ba ruwanta da ita. Ka raba garke biyu, kowanne da makiyayinsa.

Ribar ba ta tsaya ga rufin asiri ba. Wayar da ke tura waƙa ta Bluetooth tun safe tana cin caji. Wanda ke daji, da ɗan faifan sola ɗaya ko sai ranar kasuwa yake samun caji, ya san darajar batirin da ya rage da dare in saniya ta ɓace ko yaro ya kwanta ciwo. Ka bar wa waya ƙarfinta don ranar da za ka nemi mutane.

Sifikar da ka manta da ita

Saura abu ɗaya, kuma mutane kaɗan ne suka san shi. Bluetooth yana da riƙo. Wayar da ta taɓa haɗuwa da wata sifika tana ajiye sunanta, ita ma sifikar tana tuna wayar. In suka sake kusantar juna, kamar tazarar mita 10, alhali duka biyun a kunne suke, suna iya kama juna ba wanda ya danna komai.

Ka tuna ranar da ka ce wa mai shayi ya ba ka sifikarsa ka sa wa jama'a wata waƙa? Ko ranar da direban motar da kake bi ya ce ka haɗa wayarka da rediyon mota? Wata uku bayan haka kana iya zama a wurin, ka danna saƙo ka kara a kunne, ka ji shiru. Kai kana ƙara ƙara kana cewa wayar ta lalace, ashe fasinjoji goma sha suna saurare.

Alamar ke nan: in ka danna saƙo ka ga yana tafiya amma ba ka jin komai, tsayar da shi nan take. Kada ka ƙara murya. Sautin bai ɓace ba, wani wuri yake fita.

Maganin kuma, yau ɗin nan ka shiga saitin Bluetooth ka duba jerin na'urorin da wayarka ta sani. Duk wadda ba taka ba ce, danna ta ka zaɓi a manta da ita ko a raba su. In ba ka iya karanta rubutun ba, ka ba ɗanka ko wani amintacce ya yi maka a gabanka. In ba ka amfani da Bluetooth kuwa, bar shi a kashe.

Gwada kafin ranar kasuwa

Ko kwamfuta ce ko waya, kada ka yarda da saiti sai ka gwada shi. Da sassafe kafin mutane su taru, ka ce wa ƙaninka ya turo maka saƙon da ba komai a ciki, ko ƙirga ɗaya zuwa goma ne. Kunna waƙa a sifika, ka sa yaro ya tsaya a bakinta, kai kuma ka danna saƙon. In yaron ya ji ƙirgar, da sauran aiki. In waƙa kaɗai ya ji, burtalinka ya yi.

Ku kuma masu shagunan caji, ƙannena da abokaina, amana ce a hannunku. Dattijon da ya miƙo maka wayarsa bai san Windows ba, bai san VLC ba, kai ya sani. In ya ce ka sa masa saƙo, miƙa masa iyafis ya sa da hannunsa, kai ma ba sai ka ji ba. Matashin da ya kira mu ya gaya mini cewa dillalin nan bai yi masa faɗa ba, bai ce ya biya ko dala ba. Wayarsa kawai ya karɓa ya tafi. Amma tun daga ranar, shi da abokan sana'arsa shagon gaba suke kai caji. Na ce masa ya sayi katin USB, ya gyara saitinsa, sannan ya je har inda dattijon yake zama ya ba shi haƙuri, ya nuna masa abin da ya canja. Ya ce zai je ranar kasuwa mai zuwa.

Wanda ya gwada ya maƙale a wani mataki, ya bugo mana ranar Talata bayan sallar isha'i, ya faɗi irin wayarsa ko kwamfutarsa, za mu bi ta tare a hankali. Sai dai don Allah, kafin ka bugo, rage ƙarar rediyonka.

Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa mai albarka, ya kiyaye dabbobi. A gaida mutanen gida.